Kan Dodona da Tokar Kaka Ige

Kakata Ige maginiyar tukwane ce a Horo Birni, don haka wutar da muke zagayewa mu sha tatsuniya ba ta murhu ba ce, ta gashin tukwane ce. Duk jajiberin kasuwar Shagari, da an yi magariba sai ta jera tukwanenta a rami bayan gida, ta lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu, ta cinna. Dole a yi gadi har wutar ta kwanta, mu kuwa jikoki abin da muke jira ke nan. Takan zauna bisa kifaffen turmi, sanda a hannu tana tona wuta, bakin nan nata ba ya hutawa.

Kowa na surutu a wurin ban da ni. In'ina gare ni, mai tsanani, sai na buga ƙafa a ƙasa kafin sunana Bello ya fita. Na gaji da dariyar yara, na koma nuni da hannu.

Azumin da nake ɗan shekara tara, Garba, babban yaran unguwarmu, yana haɗa 'yan tashe. Na je na tsaya. Ya dube ni ya ce, "Kai da kahin ka gama sallama an yi sahur? In kana so, ka zama dodo, dodo ba shi waƙa. Amma kai za ka yi kan dodon, nan da kwana biyar." Wallahi ban taɓa son abu kamar shiga tashen nan ba.

Kaka Ige ta ba ni curin yumɓu. Na kife tsohuwar tukunya, na gina fuska a kanta: kunnen jaki, hancin bijimi, baki wangame. Da ta gani ta yi dariya har da hawaye. "Maigida," haka take kirana, "wanga ai kakanka na, ranar da anka hana mai hura." Ta nuna mini yadda zan yayyaga takardar buhun siminti, in tsoma a talgen rogo, in liƙa bisa yumɓun sala bisa sala. In ta bushe a ɗaga, ga fuska marar nauyi. Ta faɗi wani abu kan toka, amma ɗoki bai bar ni na ji ba.

Bayan kwana biyu na zo ɗagawa, takarda ta kama yumɓu gam. Na ja, hanci ya taho, kunne ya yage, dodona ya tashi aiki. Daren nan akwai gashi, na zauna can gefe na haɗa kai da gwiwa.

Ba ta lallashe ni ba. Ta tona wuta ta ce, "Ga ta nan da zahinta, yanzu nis sauke ta." Yara suka amsa yadda ta koya mana, "A juye mu sha."

Wai kura ce yunwa ta dame ta, ta je wurin wata maginiya ta ce a gina mata fuskar rago, ta shiga garke ba a gane ta ba. Maginiya ta ce to, kwanta, amma sai an barbaɗa miki toka tukun. Kura ta ce ita babbar mace, wa zai shafe mata fuska da toka kamar gindin tukunya? Aka liƙa yumɓu haka nan, ya bushe. Ta shiga garke da rangaji, tumaki na yi mata barka da zuwa. Da makiyayi ya yi barci ta zo cire fuska ta ci nama, fuska ta ƙi fita, baki kuma ba ya buɗuwa sai ɗan na cin ciyawa. A nan Kaka Ige ta maƙale murya tana kukan kura da bakin rago, yara suna birgima a ƙasa. Ni ma dariya ta ƙwace mini.

"Tana nan cikin garke har yau tana cin harawa," in ji ta. "Tatsuniya ta koma rami, gobe mu tone ta." Sai ta damƙo toka mai sanyi daga gefen wuta ta zuba mini a tafi. "Duk abin da za ka liƙa, Maigida, ka bar mai hanyar hita."

Washegari na sake gini, na barbaɗa toka har na yi atishawa. Da ta bushe, fuskar ta ɗago salin alin. Na huda idanu, na yi haƙora da ɓawon gyaɗa, na shafe ta da baƙin tukunya da jar ƙasa, Kaka ta ɗinka mata gemu da igiyar rama.

Ranar tashe, da na zura kaina ciki, wani abu ya faru da har yau nake jinsa a ƙirji. Ba wanda ke kallon bakina. Garba ya ɗauko waƙa, sai na ji wata murya tana amsawa daga cikin takarda, ba tuntuɓe ko ɗaya, ashe tawa ce. Gida gida muka bi, mata na rangaɗa buɗa, ana zuba mana gero. Garba kuwa sai leƙen idon dodo yake ko ni ne.

Daga nan fa na ƙi rabuwa da dodo. Ko aikena aka yi sai na sa shi. Har daren gashi na gaba na zo da shi a kaina, ina ta zuba, yara na jin daɗi. Kaka Ige ta ƙyale ni na ɗan lokaci, sannan ta sa sandarta ta ƙwanƙwasa hancin takarda.

"Wa ke ciki, kura ko mijina? Hidda shi. Yau kai za ka ba mu ta kura, da bakinka."

Na cire. Kalmar farko ta maƙale, na buga ƙafa. Wani yaro ya fara ƙyalƙyala, ta nuna shi da sanda, ya haɗiye. "Ba mu sauri," ta ce, "tukwane ba su nuna ba." Tatsuniyar da take gamawa kafin kara ɗaya ya cinye, ni sai da wuta ta kwanta. Amma na kai ƙarshe, kuma har kukan kurar na yi, aka yi dariya, wannan karon a inda ya dace.

Yanzu aikin filastar silin nake yi a Bodinga. Kullum kafin in zuba a mazubi sai na shafa mai don ya saki, kuma ba na shafawa ban tuna tafin tokar nan ba. Na daɗe ina zaton ta koya mini sana'a ne. Sai da na girma, na ga yadda mutum ke sa wata fuska don a karɓe shi, ya wayi gari ta ƙi fita, sannan na gane abin da ta tsare mini.

In'inar ba ta tafi duka ba. Ɗiyata ƙarama ma ta gado ta. Bara na yi mata kan zomo da filasta da takarda, ta yini tana surutu a ciki. Da yamma na ƙwanƙwasa hancin, ta cire, ta fara ba ni labari, kalmar ta maƙale. Yayyenta suka motsa za su ƙarasa mata. Na ɗaga hannu na ce, "Ba mu sauri."