Kogin da Ake Rufewa da La'asar

Tun ina ƙarama nake jin Baba yana cewa shi ɗan ruwa ne. A gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka kuwa babu ruwan da ya wuce na tankin saman bene, don haka babu mai iya ƙaryata shi. Ya zo Makka yana saurayi, ya yi dakon kayan alhazai a Mina har gashinsa ya yi fari, amma da an zauna shan shayi sai ya koma kogin garinsu can Kabi, da yadda yake tuƙa kwale-kwale shi da yayansa. Umma takan ce ita dai shekara arba'in ba ta taɓa ganin ya tsallake ko kwata ba sai ya riƙe bango. Mu yi ta dariya. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na daɗe da sa labarin a sahun tatsuniya.

Ƙanena ne ya jawo magana. Magidanci ne da 'ya'ya uku, amma duk abin da ya gani a waya sai ya saya. Wata rana ya shigo da kwale-kwalen roba ja a saman mota, da rigar da ke hana nutsewa, da hular kwano, da filafili mai baki biyu. Ya ce akwai madatsar ruwa a kudu, tafiyar awa uku, idan an yi ruwan sama a duwatsu ana buɗe ta don manoman da ke ƙasa, sai busasshen kwari ya zama kogi mai gudu na wuni guda.

"Yalla ya Baba," in ji shi, "ga ruwa ya samu. Sai mu gani."

Baba ya zagaya abin sau biyu. "Wanga ba jirgi ba ne, bahon wanki ne."

Amma ya ce zai je. Nan na gane idan ya kunyata a gaban iyalinsa, labarin da ya riƙe shekara hamsin ya ƙare ke nan, kuma ba shi da wani.

Mun isa da hantsi. Ruwa na fitowa daga ƙofar madatsar, ja da laka, yana dukan duwatsu yana kumfa. Mai gadin wurin ya gaya mana da la'asar za a rufe. Baba ya yi dariya ya ce kogi ba kanti ba ne. Don haka muka shimfiɗa tabarma, muka ci shinkafa da kaza, aka yi azahar, aka sha shayi zagaye biyu. Ƙanena ya shiga tukuna. Bai yi nisa ba ruwa ya buga shi da wani dutse, ya juya shi sau uku ya tofar da shi gefe, ya fito yana tari yana cewa laifin iska ne.

Sai Baba ya naɗe jallabiyarsa. Da ƙyar ya yarda da rigar, hular kuwa sai da Umma ta ɗaure fuska. Ƙanena ya nuna masa yadda ake zama a miƙe ƙafafu cikin ramin jirgin.

"In zauna awa mai tsintar wake? Namiji tsaye shika tuƙi."

Ya hau ya tsaya, kamar yadda ake yi a kwale-kwalen icce. Bai gama bisimilla ba jirgin ya zame ta gabas, shi ya tafi ta yamma. Ruwan wurin iya gwiwa ne. Umma ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni ban yi dariya ba, tausayinsa ya kama ni har na ji haushin ƙanena.

"Halas, Baba, ya isa," na ce.

Bai ko dube ni ba. Ya karɓi filafilin ya jujjuya, ya gano inda ake haɗa shi a tsakiya, ya raba shi biyu ya miƙo mini rabi. Sannan ya sake hawa, wannan karon a durƙushe, ya tsura wa ruwan ido na ɗan lokaci, ya tura.

Ban san komai game da tuƙi ba, amma na san hannun da ya saba da aikinsa, kamar yadda nake gane matar da ta iya tuƙa tuwo tun daga riƙon muciya. Ya nufi dutsen da ya kayar da ƙanena, ya soka filafilin gefe guda, jirgin ya kauce ya bi ta wata 'yar hanya da mu ba mu gani ba. Kumfa ta rufe shi, ya ɓullo. Muna bin gaɓa da gudu, Umma ta yar da takalmi ɗaya. A inda ruwan ya fi hauka na ji ya ɗaga murya, ba tare da ya waiwaya ba:

"Yaya, riƙe baya!"

Yayan nasa ya rasu tun kafin a haife ni. Baba bai sami zuwa jana'izarsa ba.

Daga nan ruwan ya fara ja da baya. Duwatsu suka fito ɗaya bayan ɗaya, ƙarar ta ragu, can nesa aka kira la'asar. Mai gadi ya cika alkawarinsa. Jirgin ya ɗan ƙara gaba, ya ja ciki a kan yashi, ya tsaya a tsakiyar kwari.

Muka same shi a durƙushe yadda yake, rabin filafili a cinya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ƙanena ya fara yabo da Larabci, Baba bai ji ba. Umma ta tsaya a kansa da takalmi ɗaya.

"Ashe da gaske ne," ta ce a hankali.

Baba ya dube ni, idanunsa sun yi ja. "Ɗiyata, je ki tambayi mai makullin. Gobe ƙarfe nawa suka buɗewa?"