Baƙin Garin da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Wata uku ke nan, amma har yau sai na leƙa cikin tandun kwalli sau biyu kafin in sa tsinke.

Hutu ne, na dawo gida Shagari daga makarantar 'yan mata ta Sakkwato. Kawu, ƙanen Inna, masinja ne wurin wani Bature a Bodinga mai gwajin man gyaɗa. So yake man ya daskare kamar man shanu, a yi sabulu da shi. Da aka yi wa Baturen canjin wurin aiki, Kawu ya kwaso kwalaben da ya bari, ya kawo wa Inna ta riƙa zuba mai. Ɗaya ba fanko ba ce. A gindinta akwai wani baƙin gari kwance ƙarƙashin ruwa.

Inna ta ɗaga ta sama tana dubawa. "Wanga kwalli na, na Turawa. Dubi laushi, ko niƙa ba shi so."

Na karanta takardar da ke jiki. Nikel ne, an gauraya shi da wani ƙarfe. Malamarmu ta taɓa gaya mana da irinsa ake haɗa mai da wata iska cikin tukunyar ƙarfe mai zafi, man ya sandare, garin kuwa ya fito yadda ya shiga. Ta faɗi wani abu kuma game da ruwan da ake ajiye garin a ciki. Na yi, na yi, na kasa tunawa.

"Inna, ba kwalli ba ne."

"Boko har ta hana ki sanin kwalli? Gobe akwai suna Dingyaɗi, da shi za ni."

Ta tsiyaye ruwan, ta shanya garin kan tsumma bisa faifai, bakin rumbu. Rana tsaka ce. Babu iska, babu murhu kusa. Ina kallo gefen garin ya fara yin toka-toka. Inna ta dangwala tsinken kwalli a ciki, ta ja fatar idonta da yatsa. A lokacin maganar malama ta faɗo mini: kada a bari ya bushe.

Na cafke hannunta.

Wani ɗan ja ya bayyana a gefen garin, ba ƙara, ba harshen wuta. Ya riƙa rarrafe kamar jerin tururuwa. Tsumman ya yi baƙi, faifan ya fara hayaƙi. Na kifa masa tulun ruwa gaba ɗaya.

Tsinken na hannun Inna, bakinsa na fitar da siririn hayaƙi.

"Da yanzu shina cikin idona," ta ce a hankali.

Matan maƙwabta suka ce aikin mutanen ɓoye ne. Na yi musu bayanin makaranta, cewa garin iska kawai yake sha ya kama wuta. Inna ta dube ni. "To, wa ya hura?"

Na san amsar takarda. Amma sai na duƙa na ɗauke tulun da na kifa.

Kawu ya kwashe ragowar da jiƙonta, ya binne cikin taɓon fadama. Inna ta tafi suna da ido fari fat. Ni kuwa kullum sai na tuna fadamar nan kafewa take yi da rani.