Goɗiyata ta haihu, gida ba kowa

Da hantsi goɗiyata ta haihu. Ɗan kuru ne namiji, irin gajerun dawakin nan da suka kusa ƙarewa a wajenmu. Na juya in yi wa mutanen gida albishir, sai na tuna duk sun koma Sakkwato.

Na kira jikata Hadiza a waya.

"Amarya, an samu dukushi!"

"Tsoho, da wane ƙarfi za ka hore shi? Kada ka sa mishi ragama sai na zo. Kai ka ce hannun da ya fara sa mishi, shi yake bi."

Ashe tana saurarena. Na rataye ragamar, zan jira ta ko shekara ce.

Jama'a, akwai mai sauran kuru tsakanin Isa da Sabon Birni? Ya yi magana, kada a bar ni ni kaɗai.