Likita ya amsa, Bello ba ya nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bello ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina ɗaga ƙyauren shago a kasuwar Anka. Wani ɗan kabu-kabu daga Adabka ya tsaya bai ko kashe mashin ba, ya ce, "Mamman, sai haƙuri, Injiniyanku ya cika bayan asuba."

Na zauna kan bencin maƙwabci, na rasa abin da na fito yi.

Duk wanda ya taɓa kwamfuta tsakanin Anka, Gummi da Bukkuyum ya san Bello. Ni da kuke gani ina buga takardu ina sikanin kamar an haife ni da su, shi ya riƙe mini yatsa kan linzamin kwamfuta. Shi ya buɗe mini imel. In na kira shi yana cin abinci, zai ce, "Karanto mini abin da kwamfutar ta ce, kar ka ƙara gishiri irin naka."

Ciwon ƙoda ya kwantar da shi wajen Innarsa a Adabka. Wani likita a Sakkwato ya ce a tura masa sakamakon gwaji ta imel, in ya duba zai ba da ranar zuwa. Aka aiko mini da takardun.

A lokacin na sake kwamfuta, kuma manhajar imel da na saba da ita ba ta cikin sabuwar, sai na ɗora wata. Saƙo na shigowa lafiya lau. Fita ce ta gagara. In na danna tura, sai jan rubutu ya fito, takardun Bello su koma su kwanta.

Na ɗora laifi kan netwok. Na ƙara data. Na rataye modem a taga. Na kashe na kunna har maƙwabcina ya ce zan ƙarasa ta. A waya kuwa babu sabis a gidan su Bello balle ya gaya mini abin yi. Sai na aika masa da saƙon baki cewa takardun sun ƙi tafiya.

Ranar kasuwa sai ga shi a bayan mashin, ƙafafu sun kumbura, silifa ma rabi suka shiga. Na ce, "Haba Bello, da wanga jiki?"

Ya ce, "Kai da ka saida caja ga mutumin da garinsu ba wuta, saƙo guda ya kada ka? Matsa in gani."

Ya ce in zauna ni in danna. "Ƙofar shiga daban take, ta fita daban. Ka gaya ma ta shiga ko kai wane ne, ta fita ba ta san ka ba." Ya sa na gyara sunan sabar fita, wato tashar da saƙo ke bi ya fita, wadda na bari yadda na same ta. Ya sa na sauya lambar fot, wato lambar ƙofar fitar, daga 25 zuwa 587. Akwai wani ɗan akwati da ke neman suna da fasawod kafin saƙo ya fita, ya ce in yi masa alama.

Na danna. Ya tafi.

Ya jingina da bango yana haki, yana murmushi. "To, saura na likita. Ka riƙa leƙawa, in ya amsa ka aiko." Na sayo masa fura, ya kurɓa kaɗan ya ajiye.

Kullum ina leƙawa. Shiru.

Yanzu muka dawo daga jana'iza. Na kunna kwamfutar don hannuna ya sami abin yi, sai ga amsar likita: a kawo shi ranar Litinin, an tanadi gado.

Na daɗe ina kallon ta. Sannan na rubuta masa, na yi godiya, na ce a ba wani gadon, mai shi ya riga mu.

Na danna tura. Ko daƙiƙa bai yi ba ya fita.

Allah Ya jiƙan Bello, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna juriyar rashinsa. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi cikin addu'a.