Wasan da Ba a Ci

Muntaka mai fotokofi, wanda shagonsa ke bakin tasha, ai ɗan Kurni ne. Shi ne ɗan farin Mahamadu. Kun dai san sha'anin ɗan fari, uba ba ya kama sunansa, ba ya doguwar magana da shi. Shekarar da uwarsu ta rasu, Muntaka ya ɗauko tsohon ya kawo shi nan Matameye, ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar shago.

To shi Mahamadu, tun tasowarsa bai taɓa sa hannu a kwano shi kaɗai ba. A Kurni ƙofar gida ake fito da tuwo, maza su zagaye. In babu abokin ci, loma ba ta wuce masa. Muntaka ya taso ya gani, amma ya manta, don a lokacin hankalinsa duk yana cikin ordinatar, wato kwamfutar shagonsa.

Wasanni biyu ne a ciki. Ɗaya a ba ka fili fetal ka gina gari, ka ja hanya, ka kai ruwa, mutanen su yi ta ƙorafi. Ɗayan kuwa gona ce, ka yi shuka, ka kiwata shanu, damina ta wuce wata ta zo. Shi da abokinsa Yasin tela kullum cikin gardama suke.

"Na garin ya fi," in ji Yasin. "Ko ba komai ana zaginka, ka san kana da rai."

"Kai dai magajin gari kake so ka zama, da keken aro. Na gona babu fara, babu fari. Ka tafi ka dawo ka tarar da abinka."

"Ji ɗan nema! Ka guje wa hauya a Kurni, ka zo kana noma da yatsa."

Abu ɗaya suka yarda a kai, duka biyun ba a cinye su. Dara dai in an cinye ka sai ka kaɗe riga ka tashi. Waɗannan babu mai sallamarka.

Da azahar Zuhra, matar Muntaka, takan aiko da kwano. Tsoho ya ajiye gabansa, ya wanke hannu, ya leƙa shago.

"Ka ci?"

Muntaka ya san babansa gwanin dara ne, sai ya ɗauka tsokana ce. Ko waiwaye ba ya yi.

"Baba, wannan ba a ci. Yi ake ta yi."

"To."

Sai tsoho ya mayar da murfi. Shi kuma Muntaka ya kora burodi da shayi a gaban wasansa. Kwano ya koma gida da ɗan gutsure. Zuhra ta zaci girkinta ne bai yi ba, kunyar suruki ta hana ta buɗe baki. Haka aka yi ta yi, har riga ta fara yi wa tsoho yawa.

Wata ranar kasuwa ƙanwar Muntaka, Indo, ta zo daga Ɗan Barto. Tana zaune aka kawo kwano, ta ji tambaya, ta ji amsa. Ta miƙe tsaye.

"Yaya! Abinci yake tambayarka! Wa ya damu da gonarka ta ƙarya? Dubi wuyan Baba!"

Muntaka ya duba.

Indo ta ce da ita Baba zai tafi, can mijinta da maƙwabta ƙofar gida suke ci. Muntaka ya roƙe ta, ta ƙi. Aka tambayi tsoho, ya ce duk inda aka kai shi.

Kafin mota ta cika, Muntaka ya wanke hannu ya durƙusa gaban kwanon. Tsoho ya tura masa tsokar nama ɓangarensa, ya ɗan taɓa tuwon, ya tsame hannu. Cikin ya riga ya ƙanƙance.

"Matarka ta iya miya," ya ce. "Ka gaya mata."

Bai ga kakar bana ba, Allah ya jiƙansa. Cin da suka yi tare a Matameye ke nan.