Maigadin Ƙwan Yaya

Mai Dalma ake ce masa, don shekara talatin da ɗoriya warin narkakkiyar dalma bai bar rigarsa ba. Shagonsa ƙarƙashin matakalar wani bene yake, in ya miƙe sai ya sunkuyar da kai. Rediyo ya soma gyarawa, da rediyo ta ja baya ya koma fanka da caja. Yanzu ido ya yi rauni, tabarau biyu yake haɗawa, kuma masu kawo gyara sun ragu har yana iya yini bai kunna ƙarfen narka dalmarsa ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kai kayanta wani wuri ba, wato yayarsa. Ita har gobe Auta take kiransa, da furfurarsa da komai. Da mijinta ya rasu ta kama sana'ar ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakin baya, shi ya haɗa mata akwatin ƙyanƙyasar. Ya sa hita, ya sa wata 'yar na'ura mai auna wutar da hitar ke ja, ya raɗa wa na'urar suna maigadi, ya haɗa ta da ƙararrawa.

"Yaya, kin ga wannan wayar? Muddin tana sama, wato da wuta a cikinta, lafiya. In hita ta yi wasa, maigadi zai janyo ta ƙasa, ƙararrawa ta yi kuka."

"To me ke riƙe ta a saman?"

Ya nuna mata wani abu kamar ƙwayar shinkafa. Ya ɗaure shi ne da batirin ƙararrawa, don a ganinsa batir ba ya ɗaukewa.

"Allah ya sa ya fi ka tashi da wuri," in ji ta.

Wata bakwai ba a ji kansu ba. Sai a zubi na takwas, ana saura kwana uku ƙwai su fashe, lokacin da shi da bakinsa ya hana ta buɗe akwati, fis ɗin da wutar akwatin ke bi ta cikinsa ya ƙone. Hita ta mutu, maigadi ya mutu tare da ita. Wayar kuwa batir na riƙe da ita a sama, tana ta shaidar lafiya. Ƙwai ɗari uku suka huce, Yaya na zaune a bakin ƙofa da carbinta tana jiran kukan 'yan tsaki.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Tare suka kwashe ƙwan a bokiti. Ta ce, "Haka Allah ya so. Amma Auta, ashe gawa ka ba gadi."

Kwana tara yana juya zancen kafin ya gane. Aikin bai kai minti biyar ba: ya cire ƙafar ƙwayar nan daga batir, ya manna ta a wutar maigadin kansa. Yanzu in maigadi ya rasa wuta, waya za ta faɗi, ƙararrawa ta tona. Ya zare fis sau goma a gabanta, sau goma ƙararrawa tana kuka. Yaya ta gyaɗa kai, ta sake zuba ƙwai, amma sittin kawai.

Sai dai wutar unguwar ba ta da alƙawari. Ko ƙiftawa ta yi, ƙararrawa sai ta ɗauka. Yaya tana salla ƙararrawa ta yi kuka, tana wanka ta yi kuka, Yaya ta fito da gudu da ciwon gwiwarta ta tarar ba komai.

Ranar da ya je dubawa ya ga wayar ƙararrawa a zare, an naɗe ta da kyau an rataye a ƙusa. Yaya na kan tabarma kusa da akwatin, ta zura hannu ta wata kafa da ta huda a gefe, tana jin ɗumin da tafinta.

"Ba don komai ba ne, Auta. Hannuna ya fi kwantar mini da hankali."

Ya ce, "Gaskiya ne, Yaya."

Ya ɗan zauna, suka yi zancen gwiwarta. Da zai tafi ta ce jikarta za ta kai fankar ɗakin wurin wani mai gyara a bakin titi, don kada a wahalar da idonsa. Ya ce hakan ma ya yi, ya lalubi takalmansa.