Sojojin Wada Sun Canja Fuska

Wada ɗan kawuna ne, don haka ina da ikon faɗin gaskiyarsa ko da ya ji haushi. A Lagdo ya tashi, yana gina wa mata murhun bandar kifi. Tun yana yaro hannunsa ba ya rabuwa da laka. Na rantse ko tuwo aka ba shi sai ya yi masa kunnuwa kafin ya ci. Da ya auri Hamida ya dawo Garwa, unguwar Yelwa, yana gina murhu da tanda, ana son aikinsa.

Madam Hortense, mai gidan abinci a bakin titi, ita ta jawo masa. Ta je Sin saro kaya, ta dawo da hoton sojojin yumɓu sanye da sulke, ta ce a yi mata irinsu ta jera a ƙofa. Wada ya karɓa. Sulken ma da ɓawon kifin giwan ruwa ya riƙa danna shi a laka, ya fito kamar gaske.

Matsalar fuska ce. Wada bai taɓa kallon Basine da kyau ba, hannunsa kuma abin da ya saba gani yake fitarwa. Soja na farko sai ga Oumar mahauci, har da giɓin haƙorinsa. Na biyu ladan ne. Na ce, "Bawana, ni ina nawa?" Ya ce hancina zai cinye masa laka.

Suna shanye a tsakar gida ba a gasa ba, Madam ta riƙa yi wa masu cin abinci alfahari: a can, da sarki ake binne su, su yi masa gadi a kabari. Kafin la'asar labarin ya kai kasuwa. Sai kuma zazzaɓi ya kwantar da Oumar.

Hadje Achta, uwar Oumar, ta shigo ba sallama.

"Wada, kabarin wa ɗana zai tsare?"

"Inna, ado ne kawai. Bari in fasa shi yanzu."

Ya ɗaga taɓarya, ta riƙe hannunsa. "Ka fasa kan ɗana ina tsaye?"

To ka ji. A bari, an ce ya tanadi mutane don kabari. A fasa, an ce ya kashe su. Matan da suka ba shi aikin murhu suka janye. A masallaci gefensa ya zama fili, har akuya za ta iya kiwo.

Da ya rasa mafita, ya jiƙa fuskokin, ya jingina madubin Hamida a bango, ya sake ƙera su ɗaya bayan ɗaya. Duk suka koma Wada, da goshin nan nasa mai kama da ƙwarya. Oumar ya warke, maganin asibiti ya sha, amma je ka faɗa wa Yelwa haka.

Aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Madam ta ce ba ta son soja mai kama da maginin murhu. Sojojin suna nan a bayan ɗaki, Hamida ta hana a fasa, ta hana a fitar, ta yi musu rumfa kada ruwan sama ya narkar da su. Jiya Wada ya yi tari sau ɗaya, na ga ta ajiye ludayi ta zagaya baya ta duba. Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ga shi ma can yake kallo.